Tsanin Murya: Mataki Nawa ne Cikin Zango?

Yara, kun taɓa tsayawa kusa da mai goge kuna kallon hannunsa na hagu? Tsirkiyar goge ɗaya ce tak, amma muryoyin da ke fita daga cikinta suna da yawa. In makaɗi ya saki tsirkiya, murya ta yi kauri. In ya taɓa ta da yatsa, murya ta sirance. Yatsan nan gajarta tsirkiya yake yi. Gajeruwar tsirkiya ta fi doguwa saurin rawa, kuma saurin rawa shi ne ke sa murya ta hau.

Yau za mu auna wannan abu da ma'auni, mu ga lissafin da ke ɓoye cikin kiɗi.

Gwajin farko

Ku samo katako mai tsawon santimetir 80, da ƙusoshi huɗu, da waya siririya guda biyu, irin wadda ake warewa daga wayar birkin keke. Ku ɗaure wayoyin kan katakon, su ɗame sosai. Ku tallafe su da ƴan itatuwa biyu, irin wanda makaɗa ke sawa ƙarƙashin tsirkiya suna ce masa jaki. Tsakanin jaki da jaki ya zama santimetir 60 cif. Ku daidaita wayoyin har muryarsu ta zama ɗaya.

Wayar farko ba za mu taɓa tsawonta ba. Sunanta uwa. Ƙarƙashin ta biyu za mu sa wani ƙaramin jaki mai gusawa. Sunanta ɗiya.

Ku gusa ƙaramin jakin zuwa tsakiya, wato santimetir 30. Ku kaɗa uwa, ku kaɗa ɗiya. Me kuka ji? Muryar ɗiya ta hau ƙwarai, amma kamar muryar uwa ce aka sirantar. Haka yake in babban mutum da ƙaramin yaro suna rera waƙa ɗaya tare: shi yana ƙasa, yaro yana sama, amma ba wanda ya saɓa wa wani.

Dalili shi ne: duk lokacin da uwa ta yi rawa sau 1, ɗiya ta yi sau 2. Tazarar da ke tsakanin muryoyin nan biyu Turawa suna kiranta oktab. Mu za mu kira ta zango, kamar zangon fatake: an tashi daga masauki, an yi tafiya, an sauka a wani masauki mai kama da na farko.

Tsani cikin zango

Tsakanin santimetir 60 da santimetir 30 akwai muryoyi ba iyaka. Mai goge yana iya ɗora yatsansa duk inda kunnensa ya so. Mai kalangu ma haka, ya matsa ko ya sassauta. Amma akwai kayan kiɗi da ba su da wannan dama. A wuyan gitar an kafa ƴan ƙarafa, kowane da wurinsa. Piyano kuma yana da madannai, kowane da muryarsa. Wanda zai ƙera irin waɗannan kaya dole ya yanke shawara tun farko: muryoyi nawa zai ajiye cikin zango, kuma a ina?

Mu ɗauki zango kamar bango, muryoyin kuma kamar matakan tsani. Kafinta yana iya yin tsani mai mataki 5, ko 7, ko 12. Bangon bai ƙaru ba, bai ragu ba. Matakan ne ke yin nisa ko kusa.

Mafi sauƙin aiki shi ne tsani mai matakai daidai wa daida. Ga misali: wata mawaƙiya tana da siririyar murya, wata tana da mai kauri, kuma waƙa ɗaya suke so su rera. In matakan daidai suke, makaɗi sai ya fara waƙar daga mataki na 2 ko na 6, duk wanda ya dace da mawaƙiya, waƙar ba za ta karkace ba. In kuwa wasu matakan manya ne wasu ƙanana, da ya sauya mafari sai waƙar ta sauya kama.

Amma ku yi hankali da kalmar nan daidai. Daga 60 zuwa 30 zango ɗaya ne, mun rage santimetir 30. Daga 30 zuwa 15 ma zango ɗaya ne, amma santimetir 15 kawai muka rage. Ashe kunne ba ɗebewa yake ji ba, rabawa yake ji. Saboda haka, don a sami matakai daidai, ana raba tsawon waya da lamba ɗaya, a sake raba abin da ya rage da ita, har a kai rabi. Shi ya sa ƙarafan wuyan gitar suke ƙara matsuwa in ana gusawa wajen cikinta.

Wurare uku masu daɗi

Mu koma ga katakonmu. Ku sa ƙaramin jaki a santimetir 40, ku kaɗa uwa da ɗiya tare. Muryoyin biyu sun kwanta lafiya. A nan uwa tana rawa sau 2, ɗiya sau 3. Ku gusa zuwa santimetir 48. Nan ma da daɗi: uwa 4, ɗiya 5. Ku gusa zuwa santimetir 50: uwa 5, ɗiya 6.

Yanzu ku kauce kaɗan daga ɗaya cikin wuraren nan, ku saurara da kyau. Za ku ji muryar tana ƴar makyarkyata, tana cewa wau, wau, wau. Wayoyin biyu ne suke gardama. In kun koma daidai wurin, gardama ta mutu.

To, ga matsala. Muna son matakai daidai, kuma muna son matakan su faɗa kan 40 da 48 da 50. Wannan ba ya yiwuwa. Ku ga dalili. In aka hau irin hawan wurin 40 sau 12 a jere, rawar waya ta riɓanya kusan sau 130, wato 129,7. In aka hau zango 7 a jere, ta riɓanya sau 128. Sun yi kusa, amma ba su haɗu ba. Kuma ko an ci gaba har abada ba za su haɗu ba, gama 3 sau 3 sau 3 kullum mara yake bayarwa, 2 sau 2 sau 2 kuma kullum cika. Mara ba ya zama cika.

Ke nan kowane tsani mai matakai daidai yana kuskure wuraren daɗi, ko da kaɗan ne. Abin tambaya shi ne: wane tsani ya fi ƙaramin kuskure, kuma hannun mutum zai iya da shi?

Tsani mai mataki 12

Wannan shi ne tsanin gitar da piyano. Ku ƙirga madannan piyano cikin zango ɗaya: farare 7, baƙaƙe 5. Ku auna gitar: ƙarfe na 12 yana tsakiyar tsirkiya.

Wani ɗan sarki a ƙasar Sin, mai suna Ju Zaiyu, ya fitar da lissafin tsanin nan a shekarar 1584. Ya yi aikin da babban allon ƙidaya mai ƴan ƙwallaye, jeri 81. A zamani ɗaya da shi, wani masanin lissafi a Holan, Simon Stebin, shi ma ya yi wannan aiki. Lambar da ake rabawa da ita ita ce 1,0595. Ku gwada: 60 a raba da 1,0595 ya ba da 56,6. Wannan shi ne matakin farko. A Turai an daɗe ana gardama kafin a karɓi tsanin. Sai cikin ƙarni na 19 ya game masu daidaita piyano.

A kan wayarmu, mataki na 7 yana faɗawa kan 40,05. Kuskuren rabin milimetir ne, kunne ba ya damuwa. Amma mataki na 4 yana kan 47,62 maimakon 48, na 3 kuma kan 50,45 maimakon 50. Nan kuskuren ya kai milimetir huɗu. Mai kunne yana jin makyarkyatar. Jama'a sun saba da ita har sun daina lura, amma wasu makaɗa ba su haƙura ba. Su ne suka nemi wasu tsanuka.

Tsani mai mataki 19

A shekarar 1558, wani mai tsara waƙoƙi a Faransa, Giyom Kostele, ya tsara waƙar da ke tafiya bisa mataki 19. A wannan tsani, mataki na 5 yana sauka kan 50 cif, har ma'auninmu ba zai ga bambanci ba. Wurin 48 ma ya ƙara kusa. Amma an biya kuɗinsa: wurin 40 ya ɗan ƙara kaucewa. Wanda ya san piyano ba ya ɓata cikin tsanin nan, domin farare 7 suna nan. Baƙaƙen ne suka ƙaru: kowane baƙi ya zama biyu, aka kuma ƙara biyu inda babu baƙi a da. 7 da 10 da 2, 19 ke nan.

Tsani mai mataki 31

A Italiya, a shekarar 1555, Nikola Bicentino ya bayyana wani abin kiɗi mai jerin madannai da yawa, wanda ke raba zango kusan kashi 31. A shekarar 1691, Kiristiyan Hoigens, masanin taurari na Holan, ya buga lissafin tsanin. Daga nan aka yi shiru shekaru masu yawa. Sai wani masanin kimiyya na Holan, Adriyan Foka, ya karanta aikin Hoigens, abin ya ba shi sha'awa. A shekarar 1950 ya sa aka ƙera masa babban abin kiɗi mai bututai, wanda iska ke busawa in an danna madannai, aka kafa shi a garin Harlem. A shekarar 2009 aka mai da shi wani zauren kiɗi a Amsterdam, bayan an gyara shi.

Mataki na 10 na wannan tsani yana kan 47,98. Tsakaninsa da 48 bai kai kaurin wayar kanta ba. Masu son muryoyi uku su kwanta tare ba gardama suna ƙaunar tsanin nan ƙwarai.

Tsani mai mataki 53

Wannan ya fi su duka kusa. Fiye da shekara 2000 da suka wuce, wani masani a ƙasar Sin, Jing Fang, ya gano cewa hawan wurin 40 sau 53 ya kusa zama daidai da zango 31. Cikin shekarun 1870, wani Bature a Ingila, Bozanket, ya sa aka ƙera abin kiɗi mai mataki 53. Amma ku duba wahalarsa. A kan wayarmu, matakin farko bai kai milimetir 8 ba, na kusa da tsakiya kuma kamar rabin haka. Yatsa ya fi su faɗi. Mutum kuma yatsu goma gare shi.

Ga abin da muka samu. Lambobin santimetir ne.

Wuraren daɗi: 40, 48, 50
Mai mataki 12: 40,05, 47,62, 50,45
Mai mataki 19: 40,17, 48,20, 50,00
Mai mataki 31: 40,12, 47,98, 50,17
Mai mataki 53: 40,00, 48,04, 49,96

Ku lura: yawan matakai kaɗai ba shi ne gyara ba. Mai 12 ya fi mai 19 da mai 31 kusa da wurin 40. Shi ya sa ya yi farin jini: matakansa kaɗan ne, kuma ya kama wuri mafi muhimmanci.

Tsani mai mataki 24

Akwai waɗanda suka ƙara matakai don wani dalili dabam. Cikin kiɗin Larabawa akwai muryoyin da ke zaune tsakanin madanni da madanni na piyano. In kun saurari waƙoƙin Masar a rediyo za ku ji su. Cikin ƙarni na 19, wani malami ɗan ƙasar Labanan, Mika'ilu Mishaƙa, ya rubuta littafi inda ya bayyana rabon zango kashi 24. Kowane mataki na tsani mai 12 an tsaga shi biyu. A kan wayarmu matakin farko yana kan 58,3.

A shekarar 1932, Sarki Fu'ad na Masar ya kira babban taro a Alƙahira kan kiɗin Larabawa. Makaɗa da masana suka zo daga ƙasashen Larabawa da Turkiyya da Turai. Aka yi ta muhawara kan tsanin nan, ba a daidaita ba. Wasu suka ce yana sauƙaƙa rubutu da koyarwa. Wasu suka ce yatsan gwanin makaɗi ba ya sauka daidai kan matakan, kuma kowane gari da inda yake ɗora nasa. Daga baya sai aka riƙe 24 wajen rubutu da ba muryoyi suna, makaɗa kuma suka ci gaba da bin kunnensu.

A ƙasar Meziko ma an yi wani makaɗi, Huliyan Kariyo, wanda ya bi hanyar tsagawa har ƙarshenta. Ya sa aka ƙera masa piyano iri-iri, aka nuna su a birnin Burusel a shekarar 1958. Ɗaya cikinsu yana da mataki 96 cikin zango. Sai ka bi madannansa duka daga hagu zuwa dama kafin ka gama zango ɗaya!

Tsani mai mataki 7 da mai mataki 5

Kada ku zaci sai da alƙalami ake raba zango. A ƙasar Gine, Malinke suna da balafon, wanda su suke kira bala. Ƴan alluna ne na itace da aka jera, ƙarƙashin kowane an rataya gora don ƙara amo, ana bugawa da sanduna biyu. Masassaƙi yana daidaita kowane allo da kunne. In yana son murya ta sauka, sai ya kankare tsakiyar allon ta ƙasa. In yana son ta hau, sai ya rage bakinsa. Masana da suka auna irin waɗannan balafon sun tarar da mataki 7 cikin zango, kusan daidai wa daida. Haka aka samu ga timbila na mutanen Copi a Mozambik, da ranat na ƙasar Tailan.

A Uganda kuma akwai amadinda, shi ma na alluna, mai mataki 5 kusan daidai. A tsibirin Jawa na Indunisiya akwai tsanin da suke kira silendro, shi ma mataki 5 ne masu kusan girma ɗaya. Mun ce kusan, domin kunne ne ma'auni, kuma kowane masassaƙi da hannunsa.

Cikin tsani mai 7, mataki na 4 yana kan 40,4. Cikin mai 5, mataki na 3 yana kan 39,6. Dukansu sun kauce wa 40. Amma muryar allon itace tana mutuwa da wuri, ba ta daɗewa kamar ta waya balle a ji gardama. Masu kiɗin kuma abin da suke so sun samu: su fara waƙa daga duk allon da ya dace da mawaƙi.

Mu fa? Yawancin waƙoƙinmu na Hausa suna tafiya bisa muryoyi biyar cikin zango, amma matakan ba daidai suke ba, wasu manya wasu ƙanana. Goge da molo da gurmi ba su da ƙarafa a wuya. Tsaninsu yana cikin kunnen makaɗi.

A zamanin yau

A da, duk mai son sabon tsani sai ya nemi maƙeri da masassaƙi, a yi watanni ana aiki. A shekarar 1980, wani makaɗi a Amurka, Isli Bilakwud, ya yi amfani da na'urar lantarki ya tsara kiɗi 12, kowane da tsaninsa, daga mai mataki 13 har mai mataki 24. Yanzu kwamfuta tana raba zango kashi ko nawa aka ce mata, nan take. Ana kuma ƙera gitar mai ƙarafa 19 ko 31 cikin zango.

Ga abin da za mu riƙe. Zango ɗaya ne a ko'ina: rabin waya. Amma yawan matakan da ke cikinsa mutane ne suka zaɓa. Kowane tsani ya sami wani abu, ya rasa wani. Saboda haka in kun ji kiɗin wata ƙasa ya yi muku baƙo a kunne, kada ku yi saurin cewa makaɗin ya kuskure. Wataƙila tsaninsa ne dabam. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Tambayoyi

1. Me ya sa murya take hawa in an gajarta tsirkiya?
2. Mene ne zango? In waya tana da santimetir 80, a ina zangonta yake?
3. Don me ƙarafan wuyan gitar suke ƙara matsuwa?
4. Wane tsani ya fi kusa da wurin 50? Wanne ya fi kusa da wurin 48?
5. Tsani mai mataki 53 ya fi kusa da wuraren daɗi. Me ya hana shi yaɗuwa?
6. A kan me aka yi muhawara a taron Alƙahira na shekarar 1932?

Aiki

Ku ja layi uku a kan katakonku, kusa da ɗiya. Ku auna daga jakin dama, ku sa alama da alli a waɗannan wurare:

Mai mataki 5: 60, 52,2, 45,5, 39,6, 34,5, 30
Mai mataki 7: 60, 54,3, 49,2, 44,6, 40,4, 36,6, 33,1, 30
Mai mataki 12: 60, 56,6, 53,5, 50,5, 47,6, 44,9, 42,4, 40, 37,8, 35,7, 33,7, 31,8, 30

Ɗaya ya riƙa gusa ƙaramin jaki yana kaɗawa, sauran su juya baya su saurara. Wa zai iya faɗin tsanin da ake hawa ba tare da ya duba ba?

Bayan haka ku zaɓi wata waƙar gaɗa ko ta daka da kuka sani. Ku nemi muryoyinta a kan waya, ku sa musu alama a layi na huɗu. Ku auna, ku rubuta lambobin, ku kawo wa malam. Wane tsani cikin ukun ya fi kusa da waƙarku?